Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne, In Ji Likitoci

A kasuwar Libiya da ke Omdurman, wadda fatakenmu da dama suka sani tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai ka ji ana cewa, "Alhaji ya samu." To, su likitoci ba haka suke kallon abin ba. Wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba yana cikin abubuwan da suka buɗe musu ido.

Ana kiransa ciwon Werner, wato sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1904. Gadonsa ake yi ta wajen uwa da uba duka, kuma an fi samunsa a Japan. Yaro zai taso lafiya lau, amma tun bai cika shekara 30 ba furfura ta fito, yanar ido ta biyo baya. Akasarinsu shekara 50 da 'yan kai suke yi a duniya.

Ga inda abin ya shafe mu. Mai wannan ciwo hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne, domin kitsen ƙarƙashin fata ya zube, amma cikinsa cike yake da kitse a kewayen hanji. A sikeli ba shi da nauyi, sai ga ciwon sukari ya kama shi.

Kitsen ƙarƙashin fata tamkar sito ne. In sito ya rushe, ai a kan hanya za a jibge kaya. Shi kitsen ciki kai tsaye yake tura maiƙo zuwa hanta, jiki ya daina jin insulin, sukari ya hau. Haka yake faruwa ga mai tumbin da ba shi da wannan ciwo, ko da siriri ne.

Mu da muke wuni zaune a rumfa, mai shayi tana zuba mana sukari cokali uku a ɗan ƙaramin kofi, lallai mu kula. Waɗanda suka dogara da allurar insulin a Khartum sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da asibitoci suka rufe a 2023.

Awon kuwa ba ya cin ko sisi. Ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai saman cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, ka je a auna maka sukari da safe kafin ka karya.