Bindiga Ta Cije: Ƙura Ce Ko Harsashi?

Da zarar damina ta ɗauke aka kawar da amfanin gona, sai mafarautan ƙasar Gombe su fara shirin shiga daji. Yawancinsu bindigar toka suke riƙewa, amma akwai 'yan tsiraru masu lasin da ke riƙe da ƙaramar bindigar nan mai lamba .22, wadda ke ɗura wa kanta harsashi. Kukan masu irin wannan bindiga ɗaya ne: ta kan cije a lokacin da aka fi bukatarta.

Kafin a yi batun magani, ya kamata mai karatu ya san yadda take aiki. Harsashinta, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1887, ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 5.6. Makunninsa yana cikin leɓen gindin kwanso, watau a gefe allura ke sararsa, ba a tsakiya ba. In ya tashi, ƙarfin albarushin da ya kori dalma gaba shi ne ke tura sakata baya. Wata 'yar ƙugiya ta jawo kwanso a yar da shi, sa'an nan sifirin ya komo da sakata, ta kwaso sabon harsashi. Haka Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 mai cin harsashi 10, take aiki. To, da yake albarushin kaɗan ne, ƙarfin ba shi da rara. Abu kaɗan ke tsai da sakata a hanya.

Babban mai laifi shi ne dauɗa. Ana shafe dalmar harsashin da kaki, kakin kuwa yana haɗuwa da tokar albarushi ya daskare a mazaunin harsashi. A Gombe kuma ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya malala wa bindigarsa mai, yana zaton gata ya yi mata, ashe taɓo ya kwaɓa mata. Magani shi ne a cire gidan harsasai, a tabbatar babu kome a ciki, a goge sakata da mazaunin harsashi sarai, a ɗiga mai kaɗan kawai.

Na biyu shi ne harsashi. Wanda ya daɗe a ajiye ko ya sha laima, da mai raunin albarushi, ba su iya tura sakata har ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Na uku kuwa gidan harsasai ne, in ya cika da yashi ko sifirinsa ya saki.

Amma abin da ya fi duka muhimmanci shi ne rai. Bindigar da ta cije ba ta mutu ba. In aka ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban inda babu kowa, a dakata kamar daƙiƙa 30, domin wani harsashin ya kan yi jinkiri kafin ya fashe. In kuwa ƙarar ta fito a raunane, kada a sake harbi, don mai yiwuwa dalma ta tsaya cikin bututu.

Idan ƙugiya ko allura ce ta cinye, aikin ya wuce na gida, ya kuma wuce na maƙerin unguwa, kome gwanintarsa a garma da lauje. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana gyaran bindiga ba tare da izini ba, kamar yadda ta hana riƙe irin wannan bindiga sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Saboda haka mai lasin ya nufi hedkwatar 'yan sanda ta jiha a nuna masa hanya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu, amin.