Ma'aunin Farashi Mai Sauya Taku Da Tafiyar Kasuwar Hannun Jari

A ranar 5 ga watan Maris na shekarar 2008, ma'aunin farashin hannayen jari na Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Legas ya kai maki 66,371, matsayin da bai taɓa kaiwa ba kafin wannan rana. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da ya rikito zuwa maki 31,450, watau fiye da rabin darajarsa ta zube. Ma'aikata da 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa, musamman waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, sun tafka mummunar asara. Abin da wannan al'amari ya sake fito da shi fili shi ne tsohuwar matsalar masu zuba jari: ta yaya za a bambance hawa da saukar yau da kullum da ainihin juyawar kasuwa?

Hanyar da dillalai suka daɗe suna bi ita ce ta matsakaicin farashi mai tafiya. Akan tara farashin rufe kasuwa na wasu kwanaki, misali 10 ko 50 ko 200, a raba da adadin kwanakin, kuma kowace rana a shigar da sabon farashi a fitar da mafi tsufa. Idan farashi ya haura wannan layi sai a ɗauka kasuwa na hawa, idan ya faɗo ƙasa da shi kuwa alamar sauka ce.

Sai dai wannan hanya tana da nakasu ta fuska biyu. Matsakaicin kwana 200 yana bin bayan farashi da kimanin kwana 100, saboda haka kafin ya yi gargaɗi ɓarna ta riga ta auku. Na kwana 10 kuwa yana da hanzari, amma a lokacin da kasuwa ke kai-komo a wuri ɗaya yakan riƙa ba da alamun ƙarya, mai jari ya yi ta saye da sayarwa har la'adar dillali ta cinye masa uwar kuɗi.

Domin magance wannan ne masana a Amurka suka ƙirƙiro matsakaicin da ke daidaita saurinsa da yanayin kasuwa, kamar yadda Hausawa ke cewa, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Tushar Chande ya gabatar da nasa mai suna VIDYA a 1992, Perry Kaufman ya bayyana nasa, wanda ake kira KAMA, cikin littafinsa Smarter Trading a 1995, sannan John Ehlers ya biyo baya da MAMA a 2001 da FRAMA a 2005.

Tsarin Kaufman ya ginu ne a kan auna yadda tafiyar farashi ta miƙe. Ana ɗaukar tazarar da ke tsakanin farashin yau da na kwana 10 da suka wuce, a raba ta da jimlar duk motsin da farashin ya yi kowace rana, hawa ne ko sauka. Alal misali, idan hannun jari ya tashi daga naira 50 zuwa naira 60, jimlar motsinsa kuma naira 12 ce, sakamakon zai zama 0.83, wanda ke nuna tafiya miƙaƙƙiya. Idan kuwa ya yi ta kai-komo har jimlar motsin ta kai naira 40 amma naira 4 kacal ya ƙaru, sakamakon 0.1 ne.

Wannan adadi shi ke ƙayyade saurin layin. Idan ya kai 1, layin yakan cike kimanin kashi 44 cikin 100 na ratar da ke tsakaninsa da farashi a rana guda. Idan ya sauko sifiri, abin da yake cikewa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, sai layin ya kwanta, ya ja hankalin mai jari ya dakata.

Duk da haka, kan masana tattalin arziki bai haɗu ba a kan fa'idar bin layukan farashi. Binciken da Brock da Lakonishok da LeBaron suka buga a 1992 ya nuna cewa ƙa'idojin matsakaici na gargajiya sun yi tasiri a ma'aunin Dow Jones daga 1897 zuwa 1986. Amma a 1999 Sullivan da Timmermann da White sun gano cewa wannan fifiko bai ɗore ba a shekaru 10 da suka biyo baya. Bugu da ƙari, babu matsakaicin da zai hango faɗuwar rana ɗaya irin ta 19 ga Oktoba 1987, lokacin da Dow Jones ya zube da kashi 22.6 cikin 100, domin duk lissafin daga farashin da ya wuce ake yin sa.

A kasuwar Legas akwai ƙarin abin lura. Hannayen jarin wasu ƙananan kamfanoni sukan yi kwanaki ba a yi cinikinsu ba, don haka layi yana iya kwanciya saboda rashin masu saye da sayarwa, mai jari ya zaci kasuwa ce ta lafa. Wannan ne ya sa ma'aunin ya fi dacewa da hannayen jarin manyan bankuna da kamfanonin siminti da na sadarwa, waɗanda ake hada-hadarsu kullum.

Daga ƙarshe, amfanin ma'aunin ga mai ƙaramin jari shi ne ya ba shi ƙa'idar fita daga kasuwa tun kafin ruɗani ya shigo. Amma wajibi ne ya haɗa shi da nazarin ribar kamfani da bashin da ke kansa, ya lissafa la'adar da zai biya a kowane ciniki, ya kuma guji sayen hannun jari da kuɗin rance.