Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa da Rarar Kayan Soja: Sawunsu a Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda abubuwa biyu na zamanin mulkin mallaka, wato ƙananan tashoshin jirgin ƙasa na karkara da kayan da soja suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka haɗu suka bar wa Hausa kalmomin da suka fi su tsawon rai.

2.0 Tasha

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sannan Nguru a 1930. A kan layin Nguru ne tashoshi irin su Ringim da Gagarawa da Malam Madori suka zama matattarar gyaɗa. Daga kalmar Ingilishi station aka sami tasha. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai aka yar da baƙin farko, saɓanin sito, inda aka saƙala wasali tsakaninsu. Ƙarewarta da wasalin a ya sa ta zama tamata, ta kuma ɗauki jam'in tashoshi, tamkar taska da taskoki.

3.0 Kayan soja

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin Nijeriya da suka yi fama a Bama suka dawo gida, da dama daga cikinsu sun iya tuƙi da kanikanci. Aka yi gwanjon rarar motocin soja, wasu daga cikin tsofaffin sojojin nan suka zama direbobin da ke kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin dogo. Ita kanta kalmar gwanjo tana da takwara a Yarabanci, wato gbanjo.

Jarka misali ce mai kyau. Jamusawa suka ƙera ta a shekarun 1930 domin ɗaukar man fetur lita 20. Sojan Ingila suka same ta a fagen fama, suka kwaikwaye ta, suka kira ta jerrycan, daga laƙabin da suke yi wa Bajamushe. A bakin Bahaushe, baƙin ƙarshe ya zube kamar yadda ya faru ga tasha, aka sami jarka da jarkoki. Haka kuma tamfol, wanda aka riƙa lulluɓe dalar gyaɗa da shi lokacin da taragu suka gaza kwashe amfanin gona, yana nuna yadda p ke rikiɗa zuwa f.

4.0 Sauyin ma'ana

Motar da ta zo yi wa jirgi hidima, ita ce daga baya ta ƙwace masa kaya da fasinja, har ma da suna. Idan aka ce tasha kawai a yau, ta mota ake nufi. Ga kuma tashar rediyo, ga ɗan tasha mai nufin mara tarbiyya. Jarkar ƙarfe ta ba ta roba wuri, sunan bai canza ba. Guntun kwangiri kuwa ya koma ƙararrawar makaranta.

5.0 Kammalawa

Kalmomin da suka sami sabon aiki sun tsira. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na cikin sana'ar reluwe kanta, domin masu riƙe da su tsofaffin ma'aikata ne da ke ƙarewa. Tunda ma'aikatan sun fito daga sassan ƙasar nan daban-daban, ya kamata manazarta Hausa da Yarabanci da Igbo da Kanuri su haɗa hannu wajen tattara su, domin a tantance wadda ta zo kai tsaye daga Ingilishi da wadda ta biyo ta bakin maƙwabta.