Karatun Yara 'Yan Firamare a Lokacin Kaka

1.0 Gabatarwa

A arewacin Nijeriya shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, zangon farko kuma ya ƙare a watan Disamba. Wannan ya sa zangon yake dacewa da lokacin kaka, wato lokacin da ake girbin gero, a cire gyaɗa, a yi roron wake, daga bisani a yanke dawa. A wannan zango ne ake aza harsashin karatu da rubutu ga yaran aji ɗaya zuwa uku. Don haka za a duba abubuwan da suke koya a darasin Hausa, da yadda malami zai ci moriyar kaka wajen koyar da su.

2.0 Sauraro da Magana

Yaro yakan zo makaranta da harshensa a baki. Aikin farko shi ne a saba masa da sauraro da yin magana a tsare. A kaka babu ƙarancin abin faɗa. Malami yana iya tambayar yara abin da aka kawo gida daga gona, ko ya sa su jera matakan da gero yake bi kafin ya zama tuwo: girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, surfe, sannan niƙa. Yaron da ya iya jera waɗannan da baki ya fara koyon tsara tunani, wanda shi ne tushen insha'i a gaba.

3.0 Wasula da Baƙaƙe

A aji ɗaya ake gabatar da wasulan Hausa guda biyar, wato a, e, i, o, u, sannan a bi da baƙaƙe. Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo kalmomi biyu waɗanda ƙugiya kaɗai ta bambanta su a rubuce. Misali:

kara da ƙara
daka da ɗaka
bara da ɓara

Idan malami ya ɗaga karan dawa ya rubuta "kara" a allo, sannan ya sa wa baƙin farko ƙugiya, yara za su gani da idonsu cewa ma'ana ta sauya.

4.0 Gaɓar Kalma

A aji biyu da uku ake ƙarfafa haɗa gaɓoɓi. Ya kamata a fara da buɗaɗɗiyar gaɓa, mai tsarin baƙi da wasali, kamar a "da-mi" da "ma-sa-ra". Daga nan sai tagwan wasali, kamar a "lau-je" da "ƙai-ƙa-yi". Sai rufaffiyar gaɓa, wadda take ƙarewa da baƙi, kamar gaɓar farko ta "rum-bu". Kalmar "zan-gar-ni-ya" ta haɗa rufaffu biyu da buɗaɗɗu biyu, saboda haka ta dace da auna fahimta. Ita kuwa "gya-ɗa" tana nuna wa yaro cewa harufa biyu suna iya wakiltar sauti ɗaya.

5.0 Matsalar Fashi

A ƙauyuka kaka lokaci ne na fashin makaranta, domin iyaye sukan buƙaci hannun yara a gona. Illar wannan babba ce. Yaron da ya rasa makonnin da aka koyar da baƙaƙe zai dawo ya tarar ana haɗa gaɓoɓi, ya riƙa bin baki ba tare da ya san abin da yake karantawa ba. Wani har ya kai aji huɗu a haka. Bulala ba ta cike wannan giɓi. Abin da ya dace shi ne malami ya riƙa duba rajista yana lura da masu fashi, ya tuntuɓi iyayensu ta hannun shugaban makaranta da mai unguwa, sannan ya ware 'yan mintoci a farkon kowane darasi don maimaita abin da ya wuce.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kayan koyarwa na zangon farko suna nan a gona da tsakar gida, ba sai an saya ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya fita zangon kaka yana rarrabe "kara" da "ƙara" ya sami abin dogaro a sauran shekarunsa na firamare.