Ilmin Sadarwa: Daga Lacca Zuwa Dandalin Gwarzo Da Kabo

Duk wanda ya ɗauki hanyar Gwarzo daga birnin Kano, zai bar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a gefen hanya, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, kafin ya sauka Gwarzo. A cikin wannan jami'a ake koyar da aikin jarida da sadarwa tun ƙarshen shekarun 1970, kuma cikin darussan da ɗalibai suka fi kuka da su akwai na ra'o'in sadarwa, watau bayanan da masana suka tsara game da yadda saƙo ke tafiya cikin jama'a da irin tasirin da yake yi. Ɗalibi ya kan ce haddar sunayen Turawa ce kawai don cin jarrabawa, ma'aikacin gwamnati kuwa ya ce surutun 'yan boko ne. Dukansu sun yi kuskure, hujjar kuwa tana nan a kan wannan hanya da ta wuce ƙofar jami'ar.

Ra'in da aka fara yayi shi ne wanda ake wa laƙabi da ra'in allura. Masu wannan fahimta sun ɗauka cewa da zarar an faɗi magana a rediyo ko jarida, za ta shiga zuciyar mai sauraro kamar yadda magani ke shiga jiki. A jami'a an daɗe da yin watsi da shi, amma har gobe shi ne ke aiki a ofisoshi da yawa. In an so manoman Getso ko na Garo su karɓi sabon iri, sai a biya kuɗin sanarwa a gidan rediyo, a buga takardu a manna a bangon sakatariya, sa'an nan a rubuta rahoto cewa an wayar da kan jama'a. Idan damina ta wuce ba wanda ya shuka irin, sai a ɗora laifin a kan jahilci.

Wanda ya karya wannan fahimta shi ne Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa, waɗanda suka bi diddigin masu jefa ƙuri'a a wata gunduma ta jihar Ohayo a zaɓen Amurka na 1940. Sun gano cewa mutane ƙalilan ne rediyo ko jarida ta sauya wa ra'ayi kai tsaye. Galibi saƙon ya kan fara isa ga wasu mutane da ake jin maganarsu, daga bakinsu ne yake isa ga sauran. Wannan shi ne ra'in zango biyu, wanda Lazarsfeld da Elihu Katz suka faɗaɗa a 1955. Mutumin Kabo ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san dagaci da mai unguwa, ya san liman da malamin zaure, ya san sarkin noma da sarkin fawa, ya kuma san cewa labarin da aka ji a rediyo da safe ba ya zama magana sai an tattauna shi a majalisa bayan sallar la'asar.

Kada a ɗauka wannan zance ne na nishaɗi, domin an taɓa biyan farashinsa da ƙafafun yara. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, bayan jita-jita ta bazu cewa an gurɓata maganin don hana haihuwa. Ba rashin sanarwa ne ya jawo haka ba, sanarwa kam an yi ta. Abin da aka rasa shi ne yarda, musamman da yake mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kafin a koma rigakafin a watan Yuli na 2004, cutar ta ƙetare zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Al'amarin bai daidaita sosai ba sai da aka bi ta zango na biyu: a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da limamai suka shige gaba, mata kuma suka riƙa shiga gida gida suna magana da 'yan'uwansu mata. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Abin da littafi ya faɗa tun 1955, sai da muka sha wuya kafin muka yi aiki da shi.

Ra'i na gaba ya shafi malamin gona kai tsaye. A 1962 Everett Rogers ya wallafa littafinsa kan yadda sabon abu ke yaɗuwa, ya ɗora a kan binciken da aka yi a 1943 game da yadda manoman jihar Ayowa suka karɓi sabon irin masara. Ya kasa jama'a kashi biyar: masu tsalle su fara, kashi biyu da rabi cikin ɗari, masu bin sawunsu da wuri, kashi 13 da rabi, rukuni biyu na tsakiya, kowanne kashi 34, sai 'yan baya, kashi 16. Darasin shi ne, rediyo na sanar da manomi cewa abu ya fito, amma gonar maƙwabci ce ke sa ya yanke shawara. Ma'aikacin hukumar KNARDA da ya san haka ba zai ɓata ƙarfinsa wajen shawo kan gari duka ba. Zai nemi manomi ɗaya da ake girmamawa, wanda gonarsa ke bakin hanyar kasuwa, ya bar amfanin gona ya yi masa wa'azi.

To, amma fa kada ɗalibi ya haɗiye waɗannan ra'o'i ba tauna. An gina su ne a kan jama'ar Amurka, kuma shi kansa Rogers ya amsa a 1976 cewa tsohon tunanin raya ƙasa daga sama zuwa ƙasa ya gaza. Manomin da ra'in ya kira ɗan baya, sau da yawa ba taurin kai ke gare shi ba, kuɗin taki ne babu, kuma wanda hatsin shekararsa ya dogara ga gona ɗaya ba ya caca da ita. Haka nan Farfesa Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya jawo hankali ga kafofin baka na gargajiya, waɗanda littattafan waje suka tsallake. A ƙasar Hausa su ne sankira da maroƙi, da makaɗi, da kasuwar mako, da gidan biki, da makarantar Islamiyya. A Jami'ar Bayero kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa finafinan Hausa da littattafan soyayya abin nazari ne na sosai, ba abin raini ba.

Yau wayar hannu ta ƙara wani zango. Saƙon murya na WhatsApp ya kan iso ƙauye kafin labaran rediyo, ba tare da ya bi ta hannun edita ba, watau mai tsaron ƙofar da ra'in sadarwa ya ce shi ke tace abin da zai wuce. Wane ne ake gaskatawa yanzu a Kutama, yaron da ke riƙe da waya ko dattijon da ake karanta wa saƙon? Ba wani bature da zai amsa mana wannan. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun sadarwa gida bakwai, ɗaya daga ciki shi ne sadarwa don raya ƙasa, kuma irin wannan tambaya ce abincinsa.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibi ita ce, in lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, ya hau motar Gwarzo, ya zauna a majalisa da kasuwa, ya bi saƙo guda tun daga bakin mai sanarwa har zuwa kunnen matar da ke cikin gida, ya ga inda ya tsaya da wanda ya tsayar da shi. Ma'aikaci kuwa, kafin ya sa hannu a takardar kuɗin sanarwa, ya tambayi kansa: in an ji wannan a Kabo, wa za a je a tambaya ko gaskiya ne? In bai san sunan wannan mutum ba, to aikin bai soma ba tukuna. Allah ya sa mu dace.