Wa ke jinyar mutanen Gangara?

A garuruwan ƙasar Gobir da ke kan iyakar Najeriya da Nijar, kamar Gangara a ƙaramar hukumar Sabon Birni, mace mai naƙuda ba kasafai take ganin likita ba.

Wanda ta fi samu shi ne jami'in lafiyar al'umma, wato malamin asibitin ƙauye, ko kuma ungozomar gargajiya. Ƙwararrun ma'aikatan jinya da ungozomomi sun fi yawa a manyan asibitoci, musamman na cikin birnin Sakkwato.

Wannan ne ya sa hukumomin lafiya suka daɗe suna neman tsarin da zai kai ƙwarewar ma'aikaciyar jinya ɗaya ga ƙauyuka masu yawa.

Rabon aiki

A shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi zuwa karkara, inda aka ɗauki sabbi da waɗanda suka yi ritaya. Sai dai jinkirin biyan alawus da rashin masauki sun sa da yawa sun bar wuraren da aka kai su.

A shekarar 2014 kuma Najeriya ta amince da manufar rabon aiki tsakanin ma'aikatan lafiya. Manufar ta ba jami'an lafiyar al'umma da aka ƙara wa horo damar karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, da kuma yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta babban asibiti.

Jihar Sakkwato dai ta riga ta gwada irin wannan tsari. A shekarar 2013 ta fara raba ƙwayar misoprostol, wadda ke rage zubar jini bayan haihuwa, da man chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri, ta hannun 'yan sa-kai a mazaɓun jihar 244, har cikin gidaje.

Jagoranci

Amma rabon aiki yana da sharaɗi. Dole ne a samu ƙwararre a sama, wanda zai riƙa zagayawa yana duba aikin na ƙasa da shi.

A nan ne aikin ma'aikaciyar jinya ya wuce allura da wanke rauni. Ita ce ke tsara wanda zai kwana a bakin aiki, ta duba littafin marasa lafiya, ta lura da maganin da ya kusa ƙarewa, ta kuma koya wa na ƙasa da ita alamun da ke nuna cewa lamari ya fi ƙarfinsu.

Sharaɗi na biyu shi ne hanya. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu, don haka tura ta babban asibitin Sabon Birni ko na Isa ba shi da amfani idan mota ba za ta iya tashi cikin dare ba.

Matsalar tsaro

Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne rikicin 'yan bindiga ya fi gurguntawa.

A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a rana guda a wasu ƙauyukan Sabon Birni, kuma dubban mutanen yankin sun tsere zuwa jihar Maraɗi ta Nijar.

A watan Nuwamban 2021 rahotanni sun ce yaran Bello Turji sun naɗa nasu shugaban a Gangara. Wata guda bayan haka aka ƙona wata motar fasinja a yankin, inda mutane fiye da 20 suka mutu.

A irin wannan hali, mai sa ido ba ya iya zuwa, shi kuma jami'in da ya rage a ƙauye yana aiki ne shi kaɗai, ba mai gyara masa kuskure.

Ƙaura

Ga kuma ƙaurar ma'aikatan zuwa ƙasashen waje. A watan Fabrairun 2024 magatakardar hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Najeriya a lokacin, Dokta Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru uku.

Daga baya Dokta Faruk ya zama kwamishinan lafiya na jihar Sakkwato, kuma a shekarar 2025 gwamnatin jihar ta sanar da wajabta wa ma'aikatan lafiya yin shekaru biyu a karkara, tare da ƙarin alawus.

Wata hanyar kuma ita ce horar da 'yan asalin yanki a matsayin ma'aikatan jinya da ungozomomin al'umma, bisa sharaɗin su koma garuruwansu, tun da ɗan gari ya fi baƙo jure zama.

Sai dai wannan na buƙatar 'yan matan da suka kammala sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, a yankin da rikicin ya tilasta rufe makarantu da dama.