Idan kwamfutarka ta ƙi gane yatsanka a Ubuntu, ga inda za ka duba

Wata safiya cikin hunturun da ya wuce, muna kara a Dei-Dei ana loda shanu a tirelar da za ta tafi Oko-Oba a Agege, sai Baba ya ce in duba masa nawa ya rage a hannun wani mahauci. Lissafin bashin duk yana cikin kwamfutata. Na ɗora yatsa, ta ƙi buɗewa. Na sake, na sake, shiru. Ga shi na yi watanni ban rubuta kalmar sirri ba har ta ɓace mini. Sai da na hau acaɓa na koma gida na ɗauko littafin da na rubuta ta a ciki.

Na san da yawa cikin 'yan uwanmu a Legas, Ibadan da Fatakwal suna amfani da kwamfutar hannu irin ta Beljiyam. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, wasu sun koma Linux, saboda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Linux manhaja ce ta kyauta da Linus Torvalds ya fara a 1991 a Finland, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Ubuntu, wadda ta fito a 2004, ita ce nau'in da nake amfani da shi. Matsalar yatsa a kanta ba ta wuce wuri uku: na'urar, saiti, ko yatsan kansa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai wa mai gyara kuɗinka.

Da farko, na'urar. Buɗe Terminal ka rubuta lsusb. Za ka ga jerin kayan da ke cikin kwamfutar, kowanne da lambarsa. Wadda ta fara da 06cb ta Synaptics ce, 27c6 ta Goodix, 04f3 ta Elan, 138a kuma ta Validity. Manhajar da ke magana da na'urar yatsa sunanta libfprint, kuma masu ita suna da jerin lambobin da take ganewa. Idan taka ba ta ciki, galibi kamfanin ne ya yi wa Windows kaɗai direba. A nan kada ka wahalar da kanka, kuma kada ka sauko da wani fayil da ba ka san asalinsa ba. In kuwa lsusb bai nuna na'urar ba gaba ɗaya, shiga BIOS ka duba ko a kashe take.

Na biyu, saiti. Rubuta sudo apt install fprintd libpam-fprintd. Daga nan fprintd-enroll zai sa ka riƙa ɗora yatsa kana ɗagawa har ya kammala ɗauka. Sai ka gwada da fprintd-verify. Idan ya amsa da verify-match amma wajen shiga bai tambaye ka yatsa ba, rubuta sudo pam-auth-update ka sa alama a layin da ke maganar yatsa. Kada ka cire alama daga sauran layukan, don kana iya kulle kanka a waje. Haka kuma fwupdmgr update yakan sabunta manhajar cikin na'urar idan akwai sabuwa.

Akwai wani abu da ya shafi kayan hannu. Wasu na'urorin suna ajiye zanen yatsa a cikinsu ne, don haka na tsohon mai kwamfutar zai iya zama a ciki ko an goge Windows. Idan ɗauka tana tsayawa a hanya, goge naka da fprintd-delete tare da sunan da kake shiga da shi, sannan ka duba BIOS, wasu suna da wurin share tsofaffin yatsu.

Na uku, yatsan. Nan tawa matsalar take. Yawancin waɗannan na'urori suna karanta tudu da kwarin layukan fata ne ta hanyar lantarki. Hunturun Abuja ya busar mini da fata, igiyar shanu kuma ta cinye layukan. Ku da ke Kudu naku akasin haka ne, gumi da danshi. Ka goge hannu da gilashin na'urar, in fatar ta bushe ka ɗan huro mata iska daga baki. Wannan ba kai kaɗai ba ne: a zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi tantance Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke, sai da aka koma takarda.

Yanzu yatsu uku na ɗauka, har da na hagu wanda ba ya shan igiya sosai. Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne, yatsa taimako ne kawai, kalmar sirri ita ce makullin. Duk umarnin da ya fara da sudo zai iya tambayarka ita, ma'ajiyar sirrin Ubuntu ma takan nemi ita ko ka shiga da yatsa. Ka riƙa shiga da ita ko sau ɗaya a mako, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, ban da cikin jakar kwamfutar. Lissafin kuɗin mutane kuma ka yi masa kwafi a filasha. Baba dai har yau bai yar da littafinsa ba, ni ma na daina yi masa dariya.

Allah Ya ba mu sa'ar kasuwa.